Tambaya da Amsa: Na wuce ɗan koyo a poka, wane littafi zan sa a sayo min?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonni uku suka shigo min akan abu ɗaya kuma duk daga nan Kumasi, biyu daga masu buga wasan karta na poka ne, ɗaya kuma daga wata yaya da halin ƙaninta ya hana ta barci, shi yasa na haɗa su wuri guda. Kaman kullum bana saka sunan kowa.

TAMBAYA TA FARKO

Salam Kawu, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a jami'ar Tek, gidanmu na Aboabo. Ina buga poka irin ta Texas Hold'em a waya da cips na banza waɗanda ba kuɗi ba, sannan duk Asabar da daddare muna haɗuwa mu shida ko bakwai a bes ɗinmu ana shan ataya muna bugawa da marafan kwalba, duk bayan ɗan lokaci mu ƙara zubin dole, wato abin da ake zubawa tilas kafin a raba kati, har mutum ɗaya ya kwashe na kowa, shine sarkin mako, wallahi ko pesewa babu a ciki. Dokoki duk na sani, na san wane hannu yafi wane, sabbin shiga ina cinye su amma akwai mutum biyu a cikinmu da kullum su ke fitar da ni kuma na rasa gane yanda suke yi. Wana da ke Bronx zai zo a Disamba yace in zaɓi littafi biyu zai taho min da su. Na duba intanet naga ana ta ambaton Super/System da The Theory of Poker da Harrington on Hold'em da Modern Poker Theory, kowa na yabon nasa. Dan Allah wanne zan ce ya sayo?

Mai karatu daga Aboabo

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Naji daɗi da ka faɗa min cewa babu kuɗi a ciki, kuma na ɗauki maganarka yanda ka faɗe ta, akan haka zan baka amsa. Zancen kuɗi yana ƙasa a tambaya ta uku, kar ka tsallake shi.

A cikin huɗun nan da ka lissafo ɗaya kawai zan ce wanka ya sa a jaka, na biyun kuma baya cikin jerinka sam. Amma bari in fara da dalili, don in ka gane dalilin nan gaba kai da kanka zaka iya zaɓa ba sai ka tambayi kowa ba.

Abin da masu jera littattafai a intanet basa gaya maka shine kowane littafin poka an rubuta shi ne don wani irin teburi, da wasu irin abokan wasa, a wani zamani. Doyle Brunson da ya ci babbar gasar duniya ta Las Vegas a 1976 da 1977 ya fitar da Super/System a ƙarshen shekarun 1970, lokacin da waɗanda suka iya wasan basa son kowa ya san sirrinsu, shi yasa littafin yayi suna sosai. Amma kaso mai yawa na cikinsa akan wasu nau'ikan poka ne da bazaka taɓa bugawa a Aboabo ba, kuma salon da ya koyar a Hold'em na matsa wa mutane lamba da manyan zubi yana cin mutumin da ke tsoron rasa dukiyarsa ne. Toh abokinka da ke riƙe da marfin kwalba me zai ji tsoro? Ka karanta shi wata rana don sanin tarihi, amma ba shi zai warware maka matsalar mutum biyun nan ba.

The Theory of Poker na David Sklansky shima asalinsa daga wancan zamanin yake, sai dai ni na fi ganin girmansa saboda ginshiƙinsa baya tsufa. Abin da yake cewa shine duk sanda ka buga hannunka saɓanin yanda zaka buga da ace kana ganin katin abokin wasanka, toh shi ya ƙaru, haka shima in ya buga saɓanin yanda zai buga da yana ganin naka, kai ka ƙaru. Daga nan mutum ke gane me yasa ake burga (wato zubi da hannu mara ƙarfi don abokin wasa ya tsorata ya ajiye katinsa), me yasa ake ɓoye ƙarfi, me yasa ba a barin mutum yaga kati na gaba kyauta. Inda gizo ke saƙar shine misalansa da yawa daga wasannin da ake ƙayyade zubi ne da wasu da ba Hold'em ba, dole kai zaka dinga juyo kowane darasi zuwa naka wasan, kuma wannan aikin wanda ya riga ya zauna da gindinsa ne. Ka ajiye shi a matsayin na uku ko na huɗu.

A 2003 wani akanta daga jihar Tennessee ta Amurka mai suna Chris Moneymaker ya samu gurbin shiga gasar duniya ta hanyar wasan intanet, ya je ya cinye dala miliyan 2.5. Mutum 839 suka shiga gasar a shekarar, zuwa 2006 sun kai 8,773. Wannan ambaliyar sabbin 'yan wasa ita ta jawo littattafan Harrington on Hold'em na Dan Harrington, wanda ya ci gasar a 1995, ya rubuta tare da Bill Robertie, juzu'i na farko ya fito a 2004 na biyu a 2005. Juzu'i na biyun nake so wanka ya sayo maka, don yanda ka kwatanta zamanku na Asabar gasa ce ƙarama, zubin dole na hawa, mutane na raguwa, har a koma fito-na-fito tsakanin mutum biyu, kuma kusan duk littafin akan wannan matakin yake. A ciki zaka samu wani ma'auni da ake kira M, wato ka raba abin da ke gabanka da abin da zagaye ɗaya na zubin dole zai cinye maka. In kana da marfi 60 kuma zagaye ɗaya na cin 15, M ɗinka 4 ne, ma'ana saura zagaye huɗu ka ƙare ko baka buga hannu ko ɗaya ba. Shi Harrington in M ya haura 20 yace kana da sararin buga wasa yanda kake so, in ya faɗo 5 zuwa ƙasa kuma babu sauran dabara sai dai ka tura duka ko ka ajiye. Inada yaƙinin a nan mutum biyun nan ke cinka. Matsakaicin ɗan wasa yakan zauna yana jiran hannu mai kyau marafansa na narkewa a hankali, sai ya tura duka lokacin da abin da ya rage masa bai isa ya tsorata kowa ba.

Amma ka san littafin ya kwana biyu. Yana sa mutum ya cika taka-tsantsan, kuma girman ƙarin da yake ba da shawara a buɗe da shi ya fi wanda ƙwararrun yau ke yi a gasa, su yanzu ninki biyu ko biyu da rabi na babban zubin dole suke buɗewa da shi. Abin da yasa duk da haka nake ba da shi shine tsarinsa, zai shimfiɗa maka hannu, ya faɗi inda kake zaune da abin da kowa ke da shi, ya tambaye ka me zaka yi, sannan ya bayyana nasa tunanin. Wannan tsarin yana koyar da tunani fiye da haddar jadawali.

Sai zamani na uku, na kwamfuta. A 2015 masu bincike a Jami'ar Alberta ta Kanada suka sanar cewa manhajarsu Cepheus ta kusan warware Hold'em mai ƙayyadadden zubi na mutum biyu gaba ɗaya. A 2017 wata manhajar mai suna Libratus daga Jami'ar Carnegie Mellon ta buga hannu 120,000 da ƙwararru huɗu a birnin Pittsburgh ta doke su, a 2019 kuma wata mai suna Pluribus ta yi nasara a teburin mutum shida. A tsakanin nan manhajojin da ake kira solba, masu lissafo yanda ya fi dacewa a buga kowane hannu, irin su PioSolver suka shigo hannun 'yan wasa, kowa ya koma duba abin da kwamfuta tace. Modern Poker Theory na Michael Acevedo da ya fito a 2019 ɗan wannan zamanin ne, littafi ne mai nauyi kusan shafi 500 cike da jadawali masu launi, kuma aiki ne mai kyau babu ja. Amma kai ka saye shi yanzu kaman mai koyon tuƙin pragiya mai ƙafa uku a lungunan Aboabo ne ya je ya ɗauko littafin direbobin tirela. Yawancin lissafin da ke ciki an gina shi ne akan cewa abokin wasanka shima yana buga daidai, yana ajiyewa inda ya kamata yana bi inda ya kamata. Naka abokan fa? A wasan da babu kuɗi mutane basa ajiye kati, kowa so yake yaga ƙarshe. In ka ɗauko burgar da solba ta ce ayi ka kai ta bes ɗinku, za su bi ka da ƙaramin hannu su cinye ka, ka dawo kana cewa littafin ƙarya ne alhali kai ka kai shi teburin da ba nasa ba.

Littafi na biyun da zan ce a sayo maka shine Play Optimal Poker na Andrew Brokos, shima na 2019. Yana ɗauke da tunanin zamanin kwamfuta amma da ƙananan wasanni na gwaji yake koyarwa, wani da kati uku kacal, har ka gane da kanka me yasa mai burga ke buƙatar hannaye masu ƙarfi a bayansa, da kuma yanda zaka karkace daga daidaiton in ka lura abokin wasa na da wata ɗabi'a. Babban abin da zai canza maka shine ka daina tambayar kanka wane kati wane ke riƙe da shi, ka koma tambayar waɗanne katuna duka zai iya riƙewa tunda ya buga haka daga wannan kujerar. Wannan shine katangar da ke tsakanin matsakaici da gwani. Hannun farko a Hold'em yana iya zuwa ta hanya 1,326, waɗanda suke taƙaituwa zuwa iri 169. As biyu suna haɗuwa ta hanya 6, As da Sarki ta hanya 16, kaga in mutum yayi ƙari mai ƙarfi kana tsoron As biyu, ya fi kusa ace As da Sarki ne a hannunsa, in kuma kai kana riƙe da As ɗaya toh hanyoyin As biyun sun koma 3 kawai. Wanda ya saba da irin wannan ƙidayar baya firgita da wuri.

Kafin Disamba ga gwaji, ka amsa ba tare da ka duba waya ba. Akwai marfi 100 a tulin tsakiya, saura kati ɗaya da za a buɗe, abokinka ya zuba 50, kai kana da kati huɗu kala ɗaya kana jiran na biyar. Ka bi ko ka ajiye? Zaka sa 50 don ka ɗauki tulin da zai zama 200, kenan kana buƙatar ka ci sau 25 cikin 100. Katunan da za su cece ka 9 ne cikin 46 da baka gani ba, wato ƙasa kaɗan da 20 cikin 100. Lissafi yace ka ajiye, sai dai in kana da tabbacin in katin ya zo zai ƙara zuba maka mai yawa. Mutane da yawa sun haddace cewa wannan hannun na cika sau 35 cikin 100, gaskiya ne amma in saura kati biyu kuma zaka ga dukkansu ba tare da ka sake biya ba, nan ake yawan zamewa. In wannan lissafin ya ɗauke ka fiye da minti ɗaya, toh ka bar Brokos sai wani zuwan, a sayo maka ƙaramin littafin lissafi irin Essential Poker Math na Alton Hardin tare da Harrington ɗin.

In kuma wata rana kuka canza tsari, kuka daina ƙara zubin dole kowa na iya ƙaro marfi in nasa ya ƙare, wannan wani wasan ne daban, The Course na Ed Miller na 2015 yafi dacewa da shi don akan cin mutanen da ke shiga kowane hannu aka rubuta shi.

Sannan yanda zaka karanta. Ka nemi littafin rubutu na aji, duk Asabar ka rubuta hannu biyu ko uku da suka ɗaure maka kai, inda kake zaune, marafan kowa, wa ya zuba nawa. In ka karanta babi ɗaya ka rufe, ka koma kan waɗannan hannayen ka duba ko babin ya canza maka amsa. Babi ɗaya a mako ya isa. Na san ana ta tura PDF ɗin littattafan nan a WhatsApp da Telegram, ni bana ba da shawarar haka, gumin mutane ne, kuma wanda ya tara talatin a waya da wuya ya gama ko ɗaya. Wanka ya duba na hannu ma, tsofaffin Harrington basa tsada a can. Kuma kar wannan ya ci maka lokacin karatun Tek, shi ne ya kai ka can.

TAMBAYA TA BIYU

Malam ina wuni. Ni tela ne a Asawase, karatuna bai yi nisa ba a JHS na tsaya, Turanci ina ji amma littafi mai kauri yana gajiyar da ni. Muna buga poka da yaran shago da ashana in aiki ya yi sauƙi. Wani yace min in bar wahalar lissafi, akwai littafin da ke koyar da karanta fuskar mutum, in na iya shi shikenan zan san katin kowa. Gaskiya ne? Ko in tsaya da bidiyon YouTube kawai?

Mai karatu daga Asawase

AMSA

Lafiya lau ɗan'uwa, Allah ya ba da kasuwa. Littafin da aka gaya maka akwai shi, inaga na Mike Caro ake nufi, Caro's Book of Tells, tun 1984 ya fito kuma hotuna ne da yawa a ciki saboda haka bazai gajiyar da kai ba. Darasinsa mafi girma ma zan iya baka a nan, mutumin da ya san ana kallonsa yakan nuna kishiyar abin da yake da shi, wanda ke huci yana buga zubi da ƙarfi yana zare maka ido sau da yawa hannunsa ba komai, wanda ya kau da kai kaman abin bai dame shi ba yana tura ashana a hankali shine abin tsoro. Akwai na baya-bayan nan, Reading Poker Tells na Zachary Elwood na 2012, shi ya fi jaddada cewa sai ka san yanda mutum yake a zamansa na yau da kullum kafin ka ce wani motsinsa na nufin wani abu.

Amma wanda yace maka ka bar lissafi bai taimake ka ba. Fuska tana taimakawa ne in lissafi ya tsaya a tsakiya ka rasa inda zaka karkata, ba ta maye gurbinsa. Kuma lissafin da kake buƙata bai kai wanda kake yi kullum wajen yanka yadi ba. Ka ƙirga katunan da in sun fito za su gyara maka hannu, in saura kati ɗaya ka ninka da 2, in saura biyu kuma babu sauran biya ka ninka da 4, abin da ya fito shine kusan kasonka cikin 100. In mutum ya zuba rabin tuli kana buƙatar 25, in ya zuba daidai tuli kana buƙatar 33. Wannan kaɗai in ka riƙe shi, tare da rage yawan hannayen da kake shiga in kai zaka fara magana da ƙara su in kai ne na ƙarshe, ka wuce yaran shago.

Bidiyo babu laifi, amma ka bambance na koyarwa da na nishaɗi. Gajerun da ake yankowa ana nuna wani ya yi burgar dala dubu ɗari an zaɓo su ne don sun ba da mamaki, ba a nuna maka awa biyar da ya yi yana ajiye kati. Kuma da yawan masu bidiyon nan a ƙarshe shafin caca suke tallatawa da lambar rangwame, in kaga haka ka wuce. Ka nemi wanda ke tsayar da hannu ya yi bayani kafin a buɗe kati, ka tsayar kaima ka faɗi naka. Sai kuma ka kula kar wasan ya shiga lokacin sallah ko ɗinkin mutane, malamanmu da suka sassauta akan karta marar kuɗi ma da wannan sharaɗin suka sassauta, wasu kuma basu yarda da ita ba sam, ka tambayi malamin da kake ɗaukar karatu a wajensa.

TAMBAYA TA UKU

Malam dan Allah ka taimake ni da shawara. Ina sayar da kaya a Kejetia, ƙanina da nake riƙo shekararsa 24 ya shiga poka ta intanet da kuɗi. In na yi magana sai yace min wannan ba caca ba ce ilimi ne, ya nuna min littattafai a wayarsa yace Turawa na rayuwa da shi, wai shi ba irin masu bet ɗin ƙwallo bane. Yanzu kuɗin da na bashi na jari babu, yana cin bashin waya, dare baya barci, in ya ci yana fara'a in an cinye shi kowa a gidan sai ya ji a jikinsa. Shin gaskiya ne in ya karanta littattafan zai dawo da kuɗin?

'Yar'uwarku daga Sawaba

AMSA

Hajiya sannu, Allah ya saka miki da riƙon zumunci. Amsar ita ce a'a, kar ki jira littafi ya dawo da jarin nan.

Ƙaninki ya riƙe rabin gaskiya ne. Eh akwai ƙwarewa a poka, duk abin da na rubuta a sama shaida ne. Amma ƙwarewar bata cire ta daga caca in aka sa kuɗi, tunda dukiya ce ke fita daga hannun wani zuwa hannun wani akan katin da ba wanda ya san me zai fito. Aya ta 219 a Suratul Baƙara ta ambaci cewa akwai wani amfani ga mutane a giya da caca amma zunubinsu ya fi amfaninsu girma, sannan aya ta 90 da 91 a Suratul Ma'ida suka ce a nisance su, suka kuma faɗi abin da suke haifarwa, gaba da ƙiyayya da shagala daga ambaton Allah da sallah. Abin da kika kwatanta a gidanku kenan.

Ko ta fuskar lissafin da yake taƙama da shi ma maganarsa bata tsaya ba. Hannu mafi ƙarfi a wasan, As biyu, sau ɗaya yake zuwa cikin 221, kuma in ya haɗu da Sarki biyu aka tura duka ana cinye shi kusan sau ɗaya cikin biyar. Saboda wannan hawa da saukar sa'ar, mutum na iya buga dubban hannaye yana ci alhali bai iya ba, ko ana cinsa alhali ya iya, shi yasa kowa ke iya yaudarar kansa cewa shi gwani ne sa'a ce kawai bata zo ba. Bayan haka shafin da yake bugawa yana cire kamashonsa daga tulin tsakiya, galibi wajen kashi 5 cikin 100, kenan bai isa ka fi abokan wasanka ba sai ka fi su da ratar da zata biya mai gida ta bar maka saura, shi yasa mafi yawan masu bugawa da kuɗi asara suke yi in aka haɗa lissafin dogon lokaci. Kuma waɗanda yake karawa da su a intanet wasunsu suna da manhajoji da shekaru na nazari, littafin da ke wayarsa sun karanta shi tuntuni. Su kansu littattafan suna gargaɗin kar mutum ya buga da kuɗin da yake buƙata, kar ya bi asara don ya rama. Jared Tendler ya rubuta littafi guda, The Mental Game of Poker a 2011, mafi yawansa akan wannan zafin kan da ke kama mutum bayan an cinye shi. Wanda ke cin bashin waya don ya koma teburi ya karya dokar farko ta littattafan da yake nuna miki.

Zai iya ce miki ai gwamnati ta yarda. Gaskiya ne akwai dokar caca ta 2006 da ta kafa hukumar da ke ba da lasisi a Ghana, ta kuma hana wanda bai kai 18 ba, harajin kashi 10 da aka sa akan abin da mutum ya ci a 2023 ma an cire shi a 2025. Wannan tsarin hukuma ne, bai canza hukuncin addini ba kuma bai canza lissafin ba.

Rashin barci da bashi da saurin fushin nan su suka fi damuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka, ba lalacewar tarbiyya kawai ba ce, kuma gori da tonon asiri a gaban mutane sukan sa mai ita ya ƙara ɓoyewa. Ki samu lokacin da hankalinsa ke kwance, ku biyu kawai, kice tunda yace ilimi ne toh a duba da ilimi, ya buɗe miki tarihin MoMo ɗinsa, wato asusun kuɗinsa na waya, na wata uku ku haɗa abin da ya tura shafin da abin da ya dawo. Masu caca suna tuna ranakun ci su manta na asara, ganin jimillar a takarda yakan yi abin da faɗa bai yi ba. Daga yau kar ki ƙara bashi kuɗi a hannu, in jari ne ki sayi kayan da kanki, kuma kar ki biya masa bashin a ɓoye don hakan hanya yake buɗe masa ya ci wani. Yawancin shafukan da ke da lasisi suna da wurin da mutum zai rufe asusunsa da kansa, ki zauna kusa da shi ya rufe a gabanki ya goge manhajar. In ya yarda yaga likita, asibitin Komfo Anokye na da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, ki raka shi. In kuma ya ƙi buɗe tarihin MoMo ɗin, kar ki ci gaba da ɗaukar abin ke kaɗai, ki sanar da babba ɗaya a dangi ko limamin da yake jin nauyinsa tun kafin bashi na gaba ya hau.